Cikin Gimbiya

Magajiya, Suleja
5 ga Maris, 1979

Zuwa ga maigidana Irmiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kwas ɗinku yana tafiya daidai, abincin Zariya kuma bai tayar maka da gyambon ciki ba. Ni ma lafiya lau, ko da yake sai a ƙarshe ka tuna ka tambaya.

Wasiƙarka ta iso ran Laraba. Ni malamar makaranta ce, auna rubutu aikina ne: shafi biyu da rabi na Gimbiya, rabin shafi na famfon da ke yoyo, ni kuma layi biyu a can ƙasa, inda ake matse abin da aka manta. To ga amsarka. Karyarka tana cin hantar da ka ce, da ɗanyen ƙwai. Cikin da ka ɗauke ta har Kaduna aka yi mata barbara dominsa ya fara turowa.

Tun ranar da Baturen safiyon nan ya bar maka ita zai koma ƙasarsu, gidan nan ya zama nata. Takardar asalinta mai sunayen kakanninta har hawa biyar ka sa mata gilashi, ka rataye a gefen hoton aurenmu, har ta ɗara shi da yatsa biyu. Kai da ba ka san sunan kakata ba. Shekara ashirin da biyu ba ka taɓa ce mini gimbiya ba, ko da wasa. Da matajin kaina kake taje ta, kana yi mata magana ƙasa-ƙasa da wata murya da na ɗauka mun baro ta a garinmu Kagoro muna ango da amarya. Maƙwabciyata Sailuba, wadda muke tsince shinkafa tare, ta daina shigowa, don su ba sa zama da kare a ɗaka. Yanzu ta kan katanga muke gaisawa.

Littafin kiwon karnukan da ka bar mini na karance shi tas, ba kamar kai da ka tsaya a babin haihuwa ba. Babi na tara ya ce likita na iya cire wa karya mahaifa ta huta. Ga matsayina: ta haifi waɗannan, ka raba wa abokanka su yaba maka, daga nan a kai ta Minna a cire. Ba zan zauna a gidan da ake shirin jego sau biyu a shekara ba, alhali ka san abin da ka sani.

Ka gai da abokan karatu.

Matarka, in ka tuna,
Rebeka

Magajiya, Suleja
10 ga Afrilu, 1979

Maigida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya zafi a wajenku? Nan har kwalta na narkewa ƙarƙashin motocin 'yan kwangilar sabon birni. Ina fata kana shan maganinka.

Littafi ya ce kwana sittin da uku. Yau saba'in da biyar. Akwatin haihuwar da ka sa kafinta ya yi mata ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kwashe tsummoki ta yi sheƙa a ƙarƙashin gadonmu, ta ɗauki tsohon takalminka na fata, na ƙafar hagu, ta kwanta da shi a cikinta. Tana lasarsa, tana tura shi wajen nono da hanci, nonon kuwa har ɗiga yake. In na kusanto da tsintsiya sai ta yi mini gurnani.

Jiya na kira Malam Callistus, ma'aikacin dabbobi. Ya daɗe yana latsa cikinta, sannan ya ce babu komai, ba a ma taɓa samun komai ba. Jikinta ne ya gaya mata tana da ciki, ita kuma ta yarda. Ya ce wadda ta yi haka sau ɗaya takan sake. Ana iya ƙara gwada barbarar, ana iya cirewa, shawara tana ga mai kare.

Ba zan ɓoye maka ba, dariya na yi, har Sailuba ta leƙo ta katanga tana tambayar ko lafiya. Gimbiya mai kakanni biyar, mai gilashi a bango, ga ta tana shayar da takalmi.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Ka tuna shekarar sittin da uku? Rigunana suka daina shigata, innarka ta aiko da majanyi, na saƙa safa guda uku masu ruwan ƙwai. Wata tara ya wuce, ta ce cikin kwanciya ya yi, zai tashi. Sai a wata na goma sha ɗaya likitan mishan ya gaya mana abin da Callistus ya faɗa jiya, kusan kalma da kalma. A hanyar dawowa zancen tayar keke ka yi ta yi mini. Har yau ba ka taɓa ta da maganar cikin nan ba.

Na san kai. Za ka karanta wannan ka share hawaye saboda karya, hawayen da ni ban samu ba. Shi ne yake ci mini rai.

Ka rubuto abin da kake so a yi.

Rebeka

Magajiya, Suleja
2 ga Mayu, 1979

Irmiya,

Ina gaishe ka don haka aka koya mini, ina kuma fata kana lafiya. Ruwan farko ya sauka, na gyara famfon da kaina.

Na yi kuskure, ba ka yi hawaye ba. Ka ce in kai ta wajen abokinka Alphonsus ɗan kwangila, ya yi ta gwada ta da karnukansa ko za a dace, shi kuma ya ba ka wata da ta riga ta haihu sau biyu. Sannan ka rubuta cewa ba amfanin ciyar da abin da ba ya haihuwa. Na ja wa layin jan biro, kamar yadda nake wa ɗalibin da ya rubuta abin da bai fahimta ba. Na yi sati ina roƙon Allah ya sa rashin fahimtar ne.

Ban kai ta wajen Alphonsus ba. Na san wannan yawon. An yi shi da ni daga mai magani zuwa mai addu'a, daga Jos zuwa Wusasa, kowane wata ina zuba ido, kai kana kallon fuskata ka karanta sakamako. Ni ba wanda ya ce mini ya isa haka.

Ran Litinin ta makon jiya na ɗauki hayar a-kori-kurar maƙwabcinmu Nnamdi, don ba direban tasha da zai yarda kare ya zauna da fasinja. Na zauna a baya tare da ita har Minna, kanta a cinyata, takalminka a bakinta. Likita ya cire. Ɗinki takwas, ya fara warkewa. Yanzu ba ta da amfani ga Alphonsus, ba ta da shi gare ka, a ma'auninka. Mun zama mu biyu a gidan.

Kada ka ɗauka waliyyiya na zama. Da aka shiga da ita, wani sashe na zuciyata murna yake yi cewa ba za ka taɓa durƙusawa gaban 'ya'yanta kana ba su suna ba. Ɗaya sashen kuka yake. Ban raba su ba, ba kuma zan nemi gafararka a kan ko ɗaya ba.

Na sauke takardar kakanninta na sa a akwati tare da safar nan uku. Ta saki takalminka shekaranjiya, na wanke na ajiye maka. Yanzu ɗankwalina take ja, tana raka ni har ƙofar makaranta, ni ma na sayi sabon mataji na bar mata tsohon. Da aka ambaci sunanka jiya ko kunne ba ta ɗaga ba. Za ka ji yadda abin yake.

Kwas ɗinku zai ƙare ƙarshen Yuni. Kafin ka hau mota, ka aiko mini da amsar abu ɗaya, layi biyu sun isa, na saba da su: jimlar da na ja wa jan biro, a kan wa ka rubuta ta? In ba ka da amsa, ka zo ka tarar da gidanka da famfonka da takalminka. Ni da Gimbiya muna Kagoro.

Wadda ka ciyar shekara ashirin da biyu,
Rebeka