Rasuwar Kyaftin Haladu Kolo Auyo da Janye Korar da Muka Yi Masa a 1968

Cikin alhini da nauyin zuciya, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Samarin Fadama da ke Haɗejiya, a madadin Shugabanta Alhaji Shu'ibu Gana, da iyayen ƙungiya, da 'yan kwamiti, da 'yan wasa na da da na yanzu, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar tsohon kyaftin ɗinta, Malam Haladu Kolo Auyo, wanda Allah ya karɓi abinsa da hantsin ranar Talata, 20 ga Satumba, 1977, 'yan kwanaki bayan Ƙaramar Salla, a cikin kwalekwale, ana kan hanyar kawo shi asibiti daga Auyo bayan zazzaɓin kwana huɗu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya rasu yana da shekara talatin da takwas, ya bar mai ɗakinsa Malama 'Yar'azumi da 'ya'ya huɗu, kuma an yi jana'izarsa a Auyo bayan azahar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada.

Wannan sanarwa ta makara da kusan mako guda, muna kuma roƙon afuwar iyalan marigayi da masoyansa. Sau uku aka rubuta ta, sau biyu ana yagawa, domin biyun farko yabo ne zalla, sun tsallake abin da kowa a garin nan ya sani.

Marigayi Malam Haladu ya shigo wannan ƙungiya a shekarar 1959, lokacin filinmu bai wuce wani fako a bayan gari ba, turakun raga kuma azarar giginya ce. Ɗan masunta ne, a ruwa ya tashi, shi ya sa ranar wasa da damina yakan tuƙo kwalekwale tun daga Auyo, ya ɗaure shi a bakin gaɓa, ya ƙarasa filin a guje da takalmansa a wuya, kuma babu wanda ya taɓa ganin ya iso bayan an hura usur. Ɗan gaba ne mai buga ƙafar hagu, wanda masu tsaron baya na Nguru da Gumel da Kano suka san zafinsa. An naɗa shi kyaftin a 1962, kuma a ƙarƙashinsa ne muka ci kofin yanki a farkon 1966, wanda ya ba mu damar wakiltar Najeriya a Gasar Zumunci ta Ƙasashen Tafkin Chadi.

Ba shi kaɗai ya ci mana wannan kofi ba. Mai tsaron ragarmu a waɗannan shekaru shi ne Obiora Nwosu, ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa, wanda aka haifa a Malam Madori, ya tashi yana jin Hausa irin tamu ta gabas, har 'yan kallo suka laƙaba masa Ɗan Tasha. Shi da Haladu kwano ɗaya suke ci, kuma duk tafiya a kan benci ɗaya suke zama a bayan babbar mota. Da tashin hankalin ƙarshen daminar 1966 ya auku a garuruwan Arewa, labari ya yi ta isowa da kowane jirgi, 'yan'uwan Obiora suka watse, shi kuma hanya ta rufe masa. Haladu ya je Malam Madori da rana tsaka, ya sa masa malafa da rigar masunta, ya shigar da shi fadama, ya ɓoye shi a bukkar masunta cikin ciyawar burgu har kwana goma sha ɗaya. Malama 'Yar'azumi, tana amarya a lokacin, ita ke dafa abinci, shi ke kaiwa. Daga nan ya raka shi har kan iyaka, ya danƙa shi a hannun wasu fatake da suka yi alkawarin bi da shi ta wata hanya zuwa Gabas. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

An ɗage gasar har zuwa watan Fabrairu na 1968, aka yi ta a Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, yaƙin basasa kuwa yana kan ganiyarsa a ƙasarmu. Mun kai wasan ƙarshe. Da 'yan wasa suka jeru domin taken ƙasa, sai muka ga kyaftin ɗinmu ya bar gurbin mutum guda a damansa, ya zaro tsohuwar rigar gola daga cikin tasa, ya shimfiɗa ta a ƙasa a wannan gurbi, lambar tana kallon sama. Mai horar da mu ya yi masa alama ya matsa, ya ƙi. Alƙalin wasa ya zo ya yi masa magana, bai ɗauke rigar ba sai da aka gama taken. Mun ci wasan da biyu da ɗaya, shi ya zura ta biyun. Da aka miƙa masa kofi aka kara masa lasifika, ana kuma watsa bikin kai tsaye a rediyo, maimakon godiyar da aka rubuta masa ya haddace, ga abin da ya ce, kamar yadda mai sa hannu a wannan takarda ya ji da kunnensa:

"Jama'a, golan da ya kawo mu nan ba ya cikinmu. Sunansa Obiora Nwosu, a Malam Madori aka yanke masa cibiya. Ɗan Tasha, in kana jin rediyo, kofin nan da kai aka ci. Ku kuma manya, na can da na nan, 'ya'yan mutane ne ake binnewa kullum. Ku dubi Allah ku tsai da abin nan."

Nan take aka fizge lasifikar. Rabin filin ya ɗauki tafi, rabi ya yi tsit, mu kuwa 'yan kwamiti muka rasa inda za mu sa fuskokinmu. Kafin motar da ta ɗauko mu ta iso gida rahoto ya riga mu. An tsare marigayi kwana tara ana yi masa tambayoyi, aka sake shi ba tare da an tuhume shi da komai ba, amma aikin da yake yi a gari ya tafi.

Ya zama wajibi a faɗi yadda garin nan yake a lokacin, ba don neman uzuri ba. Babu unguwar da ba ta da ɗa a bakin daga. A watan da ya gabaci gasar aka kawo wa Shugabanmu, Alhaji Shu'ibu Gana, takardar rasuwar ɗansa na fari, soja. Iyaye da yawa da suka ji muryar Haladu a rediyo sun ɗauka ya zaɓi ɓangaren da ke harbin 'ya'yansu, kuma da gaske zuciyarsu ta yi ciwo. Wasunmu kuwa tsoro ne kawai: kada a rufe ƙungiya, kada a karɓe fili. A ranar 9 ga Maris, 1968, kwamiti ya zauna ya kori Malam Haladu Kolo har abada, ya haramta masa shiga filinmu, ya kuma ba da umarnin a kankare sunansa daga allon kyaftin-kyaftin da ke ofis. Ni, Isa Ya'u Kaugama, ni na rubuta takardar, ni na sa mata hannu, ni na kai masa har gida. Ya karanta, ya ninke, ya ce, "Malam Isa, ka sha rana, zauna a kawo maka fura." Na zauna na sha.

Marigayi ya koma Auyo ya kama noman shinkafa da kamun kifi. Yaƙi ya ƙare a 1970, aka ce kowa ya yafe wa kowa, waɗanda suka gudu suka fara dawowa, amma takardarmu tana nan a fayil. Sau uku ya rubuto mana. Ba wasa yake nema ba, gwiwarsa ta riga ta lalace, sunansa kawai yake so a mayar a allo, tare da na Obiora, wanda shi ma aka cire, a jerin waɗanda suka ci kofi. Sau uku muka amsa cewa sai ya nemi gafara a rubuce. Amsarsa ba ta canza ba: "Ku nuna mini kalmar da ta zama ƙarya a cikin abin da na faɗa, ni kuwa in janye ta gobe." Ba mu nuna masa ba, ba mu kuma mayar da sunan ba. Kowane taro sai a ce a bar maganar sai zama na gaba. Arziki ya shigo ƙasa, muka kewaye fili da katanga, muka sayi mota tamu, muka ɗinka riguna kala biyu, maganar tana jiran zama na gaba. Duk da haka, a farkon kowace kakar wasa sai mu tarar an aiko da ragar gola sabuwa daga Auyo, saƙar hannu da zaren taru, babu takarda, babu suna. Mun san mai saƙar. Mun ɗaura ta, mun yi wasa.

Ranar sadakar uku tawagar ƙungiya ta mutum biyar ta shiga kwalekwale zuwa Auyo, domin ruwa ya cinye hanyar mota. Bayan an yi addu'a a waje aka yi mana iso wurin Malama 'Yar'azumi, tana zaman takaba, ta yi mana magana ta bayan asabari. Ta amsa gaisuwa yadda ya kamata, sa'an nan ta ce, "Malam Isa, muryarka ce nake ji? Gaisuwarku na karɓa saboda Allah. Amma ku faɗa mini, wa kuka zo yi wa ta'aziyya? Ku da hannunku kuka rubuta cewa ba naku ba ne." Sai ta turo wani ƙunshi ta ƙarƙashin asabarin. Wasiƙu ne ashirin da shida da marigayi ya aika garuruwan Gabas cikin shekara bakwai, zuwa coci-coci da tashoshin jirgi da ƙungiyoyin ƙwallo, yana cigiyar abokinsa, duk an dawo masa da su ba a sami mai su ba. Ta gaya mana cewa ya taɓa zuwa da kansa a motar gyaɗa, ya yi wata guda ya dawo a rame, bai samo komai ba. Ta ce a cikin kwalekwale, kansa a cinyarta, bai yi maganar gona ba, bai yi maganar ƙwallo ba. Bayan ya yi mata wasiccin yara, sai ya ce, "A ci gaba da tambaya. Ni na kai shi iyaka, ban san inda na tura shi ba." Daga nan sai kalmar shahada.

Kwamiti ya zauna ranar Asabar, 24 ga Satumba, kuma zaman bai yi daɗi ba. Wasu sun ce mamaci ya riga ya tafi, a yi masa addu'a a bar tone-tone. Wasu sun ce har yanzu ba su yarda ɗan wasa ya kai siyasa fili ba, balle a ƙasar waje, balle ana yaƙi, kuma idan aka buɗe wannan ƙofa gobe kowane ɗan wasa da tasa lasifikar. An yi awa uku ana ja-in-ja. A ƙarshe Shugaba ya miƙe ya ce, "Shekara tara ina jin haushin Haladu saboda ɗana. Na sake tuna maganarsa jiya, kalma bayan kalma. Ya ce 'ya'yan mutane, na can da na nan. Ashe har da nawa yake nufi, ni ne ban ji ba. Isa, ɗauki alƙalami." An kaɗa ƙuri'a, bakwai suka amince, biyu suka ƙi, suka kuma fice daga ɗakin. Muna girmama ra'ayinsu, kuma har yanzu 'yan kwamiti ne.

Saboda haka ƙungiya tana sanar da jama'a cewa ta janye takardar kora ta 9 ga Maris, 1968, baki ɗayanta, ta mayar da sunan Kyaftin Haladu Kolo Auyo da na Obiora Nwosu inda suka cancanta, kuma tana neman gafarar iyalansa a bainar jama'a kamar yadda ta kunyata shi a bainar jama'a. Mun san mun yi wannan ne bayan wanda ya nema ba zai gani ba, kuma ba mu da bakin cewa hankalinmu ya kwanta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malama 'Yar'azumi da 'ya'yanta, da dangin marigayi na Auyo da Haɗejiya, da masunta da manoman da ya yi rayuwa a cikinsu, da duk wanda ya taɓa tsayawa a rana domin ya ga ƙafarsa ta hagu. Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba iyalansa haƙurin jure wannan rashi, ya raya abin da ya bari, ya albarkace su. Mu kuma da muka rage, Allah ya yafe mana, ya kyautata namu zuwan.

A ƙarshe, ƙungiya ta karɓi wasiccin marigayi a wuyanta. Muna roƙon gidajen jarida da na rediyo, musamman na jihohin Gabas, da direbobi da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa masu zirga-zirga, su taimaka su yaɗa wannan sanarwa, su kuma fassara ta ga wanda ba ya jin Hausa. Duk wanda ya san wani abu game da Obiora Nwosu, haifaffen Malam Madori, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya, ya rubuto wa Sakataren ƙungiya a Haɗejiya. Kai kuma Ɗan Tasha, idan Allah ya sa wannan takarda ta iske ka, ba sai an fassara maka ba. Haladu ya rasu ranar Talata. Iyalinsa suna Auyo, ba su tashi daga gidan da ka sani ba.

Sa hannu:
Malam Isa Ya'u Kaugama,
Babban Sakatare kuma Kakakin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Samarin Fadama,
Haɗejiya, Jihar Kano.
26 ga Satumba, 1977.