Ranar Da Inno Ta Wanke Duwatsun Kawu

Gwadangaji, Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
14 ga Maris, 1986.

Zuwa ga Yayana Kalilu, a Bukuru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Sakinatu da yara. Allah ya ƙara maka rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin ramin kuza. Mu nan sai godiya. Mai ɗakina Adama ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, sunanta Sadatu. Albasa ta yi kyau bana har ta karya kasuwarta, amma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana masa abinci.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Yaya, wani al'amari ne da ya faru a gidan Kawu Labbo a Argungu. Gara ka ji daga bakina kafin masu kai-da-kawo su ƙara masa yaji. Ka san kabad ɗin nan nasa mai gilashi, inda ya jera duwatsun da ya tara shekara talatin da 'yan kai yana ginin rijiya, masu ƙyalli da masu tsini kamar an feƙe su da wuƙa, kowane da 'yar takardarsa a ƙarƙashi da ajami: sunan gari, da gaba nawa aka nutsa kafin a same shi. Ɗari da sittin da uku ne. Da ban san yawansu ba, yanzu ko daga barci aka tashe ni sai in faɗa.

Kawu ya tafi Kano an yi masa aikin yanar ido. Saura kwana uku ya dawo na kai wa matarsa Inno cefane. Ina shiga tsakar gida na yi turus. Ga duwatsun nan shimfiɗe a tabarma cikin rana kamar an shanya kifi, kabad kuwa wayam. Inno tana ta fara'a, ta ce mutumin da aka buɗe wa ido bai kamata ya fara da ganin datti ba, shi ya sa ta jiƙa su a baho da omo tun hantsi, ta bi su da soso ɗaya bayan ɗaya. Na tambayi takardun, ta nuna mini azara. Wai ta ga baƙaƙen larabci, ta ji tsoron kada sunan Allah ya bi ruwan wanki zuwa kwata, sai ta tattara su duka ta ƙulle a ƙyalle mai tsarki ta soke a sama. Yaya, ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba, abin da tun muna yara aka hana mu. Na leƙa bahon. Gishirin gallon da wani Buzu ya ba shi ya narke, saura kamar ɓarin goro. Kanwa ta zama ruwa, farar ƙasa ta koma kunu. Guda bakwai sun tafi ke nan. Da na fahimtar da ita abin da ta yi, sai ta ɗora hannu a ka.

To, likita ya ja kunne kada a ɓata wa Kawu rai tun ɗinkin bai kama ba. Wannan shi ne uzurina, kuma ina roƙon ka riƙe shi da kyau, don ba ni da wani. Ka san ni, shekara ashirin ina kasuwa, na san yadda ake jera manyan albasa a bakin buhu. Na ce wa Inno ta share hawaye. Na tafi wajen Hodi mai kayan yaji na sayo gallo da kanwa da farar ƙasa da wani dunƙulen alif mai haske, na farfasa gefensu don su yi kama da na daji. Na sauko da ƙullin takardu na raba su da ka: dutsen da ya fi kyau na ba shi rijiya mai zurfi, mummuna na ba shi gajeriya. Sannan don kada a sake irin wagga ɓarna, na jiƙa ƙaro na manne kowace takarda a jikin dutsenta. Wallahi har yaba wa kaina na yi. Lissafina shi ne ido ɗaya a rufe yake, ɗayan kuwa hazo ne sai tabarau ya iso.

Ranar da ya dawo, bayan la'asar da masu sannu da zuwa suka ragu, ya ce a kai shi gaban kabad. Ashe Kawu bai taɓa sanin duwatsun nan da ido kaɗai ba! Ya ɗauki na farko ya auna a tafin hannu, ya karce shi da farce, ya faɗi garinsu da zurfin ramin, sannan ya ce in karanta abin da ya ji an manna masa. Na karanta. Gabas da yamma. Ya ajiye shi gefe. Na biyu ya hura masa numfashi ya sansana, na uku ya gwada da bakin wuƙa, na huɗu ya taɓa da haƙori, kowane ya kira sunansa kamar uba na kiran 'ya'yansa, ni kuwa ina karanto ƙaryata da bakina a gaban dattawa biyu da suka rage cikin masu sannu da zuwa. Da ya kai ga alif ya ɗora a harshe, bakinsa ya tsuke, ya ce wanga na tace ruwan randa ne, kuma yana ƙanshin citta da kanumfari, don haka daga teburin Hodi ya fito. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Nan Inno ta fashe da kuka ta faɗi komai. Ni na zata a kanta hadarin zai sauka. Ina! Ya ce mata ta yi shiru, wadda ta girmama rubutu ba ta yi laifi ba, kuma maginin rijiya ba ya faɗa da ruwa a kan abin da ya ci. Sai ya juyo wajen da yake jin numfashina. Ya ce dutsen da aka wanke bai manta garinsu ba, amma takardar ƙarya da aka manna za ta fi shi tsawon rai, wata rana wani ya gaskata ta ya je ya kashe ƙarfinsa da na jama'arsa yana gina gaba arba'in inda babu komai. Daga nan ya juya fuska bango. Mutumin da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, ya aurar da mu, tun ranar bai sake amsa gaisuwata ba. Idon dai alhamdu lillahi bai taɓu ba.

Bayan mako guda ya aiko Inno ta gaya mini in riƙa zuwa kowace Asabar da reza da biro. Ni ke kankare ƙaro, shi yana shafa dutse yana faɗa wa bango sunan gari, ni ina rubutawa. Shida muke yi a yini, in ya ga dama. Ka lissafa Asabar nawa ke gabana. Don Allah ka rubuto masa takarda ka sa baki, maganarka tana da nauyi a wajensa, kuma kada ka yi mini dariya a ciki, don ni zan karanta masa. Wancan makon dai, da na gaishe shi bai amsa ba, amma can wajen azahar ya miƙo hannu ta gefena da wani ɗan fari mai ɓawo-ɓawo, ya ce in karce, in lasa, in faɗi ko mene ne. Na karce, na lasa, na buɗe baki in yi irin tawa, sai na ce ban sani ba. Ya ce to, yau mun fara.

Ka gaishe da Sakinatu, da Sama'ila da Kulsumi, da Arzika idan yana nan Jos har yanzu. Adama da Asiya suna gaishe ku, Inno ma ta ce a gaishe ka, a kuma roƙa mata gafara. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Maigandi.