Taken Sarki Mumuni

Da sunan Allah. Daga ƙanenki Ishaƙu makaɗi, a Salaga ƙasar Gwanja, zuwa ga Yaya Barira. Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ƙafarta, yaya yara? Allah ya sa damina ta yi albarka.

Ni lahiya lau nike. Hannun dama ne ya ɗan yi nauyi tun bara, amma da sauƙi. Kada ki gaya ma Inna.

Fatake daga Tasawa sun ce mani da salla makaɗan garinmu sun jero taken sarakuna, suka tsallake Sarki Mumuni. Ban ga laifinsu ba. An naɗa shi da shuka, ya rasu gero bai nuna ba, kuma ni kaɗai na taɓa kaɗa takenshi. Na taho fataucin goro ban koya ma kowa ba, wai da kaka zan komo. Sarkin nan fa shi ne ya ba ni gangata ta fari, Yaya. Tun da na ji, tuwo ba ya shiga.

Kiɗa ba ya rubutuwa, hannuna kuma ya daina iya ganga. Amma na tuna ina gwada taken a zaure, ke kina daka kina bina da lugude, kina yi mani dariya. In hannunki bai manta ba, ki kira Dikko makaɗi, ki zuba gero a turmi, ki daka ya ji.

Ki yafe mani, kayana ne na aza maki. Sunan bawan Allahn nan yanzu a taɓaryarki ya rage.

Wassalam.