Tabarmin Gaisuwar Yaya Sani

Daren Laraba, watan Safar.

Yau munka rufe Yaya Sani, mu huɗu kacal. Annobar murar nan ba ta bar shi ya yi mako ba.

Da munka dawo na shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure kamar yadda anka saba, na manta dogari ya yi shela cewa Nasara sun hana zaman makoki. Kawu Bawa, da ya kai shanu kurmi, ya ce can har masallatai anka rufe, ƙasar maƙwabtanmu da Faransa ke mulki kuma an tare hanya. To mi ya hana mutuwa wucewa?

Na zauna har magariba. Mahautan da Yaya ya yi shekaru yana fawa da su daga nesa sunka ɗaga mini hannu, sunka wuce. Ban ga laifinsu ba, amma raina ya ɓaci.

Inna ta dama furar masu gaisuwa, ga ta nan ta yi tsami. Da na fara naɗe tabarmi ta ce, "Bar guda, Umaru, kada wani ya zo gobe."

Na bari. Yanzu ina jin tarinta ta bayan katanga, irin na Yaya ne sak.