Murhun Gidan Humaira

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Humaira ta kira bayan la'asar. Sun gama tarewa a sabon gidan a unguwar Deptford, ita da mijinta Jamal. Tsohon gini ne, a bangon falo akwai ramin murhu irin na da, na gawayi. Suna so su saka na gas a ciki kafin ta haihu a Janairu. Na buɗe baki zan ce gobe ina zuwa in auna, sai ta ce ai Baba ya riga ya kai su shago sun duba.

Na ce wane Baban?

Alhaji Masawudu take nufi, uban Jamal. 'Yata guda ɗaya tilo.

Talata, 8 ga Oktoba

Shekara ashirin da shida ina haɗa gas a gidajen council, na ƙaramar hukuma, kafin in yi ritaya. Shi kuwa doya da manja yake sayarwa. Ba raina sana'a nake ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je ganin gida. Bas biyu daga Camberwell, ga ciwon gwiwar nan. Na tarar da Alhaji a falo ya cire hula ya miƙe ƙafa. Ya taso ya rungume ni, da Hausarsu ta Kumasi. Mutumin nan bai taɓa yi mini laifi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ya baza hotunan murhu a tebur. Buɗaɗɗe yake so, wanda wuta ke tashi a fili kan gawayin ƙarya, wai ya fi kama da wutar gaske. Mai gilashi a gaba ya fi riƙe zafi, bai kai shi shan gas ba. Na sani, ban faɗa ba. Ba wanda ya tambaye ni.

Humaira ta kawo shayi, shi ta fara miƙa wa. Ta san ba ya shan sukari. Ni sai da ta tambaya cokali nawa.

Ta nuna mini ɗakin jariri a sama. Akwai wani tabo ruwan ƙasa a bango, daidai inda bututun hayaƙi ya bi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban yi maganar tabon ba. Ai suna da Baba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Humaira tana shekara tara matata Sakinatu ta rasu ta bar mini ita. Ni na koyi kitso saboda yarinyar nan, wurin wata maƙwabciya 'yar Gambiya, har yatsuna suka saba. Yau ta sa hoto a waya, ita da Alhaji a shago, yana nuna murhu da sandarsa, tana dariya. An sayi buɗaɗɗen. An yi booking ɗin mai haɗawa ranar Asabar.

Mai haɗawa zai gwada bututun, doka ce. In mai tsoron Allah ne. Na yi aiki da waɗanda ba sa gwadawa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na zuba abincin rana na kasa ci. Idan bututun ya tsage, iskar da ke kashe mutum a ɗakin jikana za ta taru, ba wari ba launi. Ni kuma kwana biyar ina riƙe da magana don a zo a roƙe ni. Astagfirullah.

Na kira Humaira ba ta ɗauka ba. Jamal yana aiki. Dole na kira Alhaji.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bayan masallaci muka haɗu a gidan, yaran ba sa nan, shi ke da makulli (har makulli yake da shi). Rajistata ta aikin ta ƙare, ba zan taɓa gas ba, amma gwajin hayaƙi ba laifi. Na kunna ƙwayar hayaƙi a ramin murhun, na ce ya hau sama ya duba, ni matakalar ta fi ƙarfina yau.

Ba a yi minti ba na ji yana salati. Hayaƙi na tsiyayowa ta gindin bangon, a inda za a sa gadon.

Ya sauko ya zauna. Ya ce, "Malam Lawal, ni ban san wannan aiki ba. Tun farko na ce ma Humaira ya kira ka. Ya ce likita ya hana ka durƙusa, in an gaya ma ka za ka shiga ramin da kanka."

Can ya tambaye ni yaushe na lura da tabon. Na yi niyyar cewa jiya. Na ce Asabar.

Ya kalle ni. Sannan ya ɗauko waya ya kira shagon, aka yi cancel ɗin murhun.

Asabar, 9 ga Nuwamba

An zura wa bututun sabon bututun ƙarfe a ciki, an saka mai gilashin, an liƙa na'urar gargaɗi a falo da ɗakin sama. Ni na zaɓi murhun. Na zauna a kujera ina kallon mai haɗawa, yaron ya san aikinsa, ban yi masa gyara ba sai sau biyu.

Da aka kunna Humaira ta jingina da kafaɗata ta ce ban da Baba da an shiga uku, wannan karon ni take nufi. Na jira Alhaji ya faɗi ranar da na ga tabon. Bai faɗa ba. Ya ci gaba da ɓare lemo.

Har yanzu yana da surutu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Alhaji ya ce gobe zai biyo ta nan mu tafi masallaci tare. Ban ce masa to ba. Na bi ta Peckham na sayi farin goro, na ji shi yake ci. Hanyata ce dama.