Inda Baba Yake Tsayawa

Tudun Wada, Zariya
9 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Zulkiflu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Na kira lambarka har na gaji, kullum sai a ce ba ta shiga. Ban sani ba ko duwatsunku ne ko kai ne. Shi ya sa na koma takarda. Alhaji Ɗantsoho direba ya ce yana da wanda zai miƙa maka daga Jalingo.

Jikin Baba yana nan yadda yake tun da aka sallamo mu daga asibiti. Ɓarin dama ba ya motsi. Magana kuwa kalma ɗaya ta rage masa, "to". In yunwa yake ji, to. In zanin gado ya jiƙe, to. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci ke nan. Gwaggo Juwairiyya takan zauna da shi in na tafi makaranta, amma ka san gwiwarta, ba ta iya ɗaga shi. Wanka da juyi da kai shi bayan gida duk ni suke jira.

A makaranta kuma Malama Felicia ta ɗora mana tsofaffin waƙoƙin Turawa, ta ce kowa ya rubuta ra'ayinsa na kansa, ba ta son abin da aka kwafo daga waya. Yaya, ra'ayina shi ne na gaji. Mutanen nan ba su da aikin yi. Wannan ya fita yawo ya ga fure ya tsaya. Wancan tsuntsu ya yi masa kuka sai ya cika shafi biyu. Har mutuwarsu mai tsabta ce, ba ta wari, ba wanda yake wanke zani a cikinta. Ina karantawa ina gyangyaɗi.

Ga dalilin rubutowata. Ranar Talata da la'asar ina zaune a ƙofar ɗakinsa ina karanta wata daga cikin waƙoƙin da ƙarfi don kada barci ya ɗauke ni. Na tsaya in sha ruwa, sai na ji an ɗora daga inda na tsaya. Baba ne. Bakin a karkace, muryar kamar ta cikin rijiya, amma ya kai baitin ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Na ce, "Baba, kai ne?" Ya dube ni ya ce, "To." Likita ya ce hakan yana faruwa, abin da aka haddace wurin zamansa daban ne.

Sai dai akwai wata da yake ɗaukowa da kansa, ba ta cikin littafina. Kamar labarin wani mai kwalekwale ne da yake jiran wani a bakin kogi. Yakan yi nisa, sai ya zo wani wuri ya tsaya cak, ya koma farko, ya sake zuwa wurin ya tsaya. Daga nan sai ya fara dukan katifa da hannun hagu, ya ƙi cin abinci. Na gwada nema a waya, amma kalmomin ba sa fita sosai a bakinsa. Kai ka yi ajinsa. Ko ka san ta?

A watan Agusta za a tura mu aikin gwajin koyarwa, ni an ba ni wani ƙauye bayan Soba. In ban je ba shekarar nan ta tafi. Ban san wanda zan bar wa Baba ba.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Gembu
24 ga Yuni

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Ina lafiya. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya saka miki da alheri. Ki gaishe da Gwaggo.

Wayar ba ta da laifi kullum. Wani lokaci ina ganin kiran.

Na san waƙar. Ke ba ki yi wayo ba lokacin da nake ajinsa. A kan waƙar nan ya tsayar da ni gaban ɗalibai, ya ce ɗan Malam Kailani ba ya mantuwa. Duk inda na kakare sai ya sauke mini rula a bayan hannu, ya ce in koma farko. Sauran yara in sun kakare dariya yake yi musu. Da muka koma gida Inna, Allah Ya jiƙanta, ta ga hannuna ta yi masa magana, ya ce gata yake yi mini. Daga ranar na tsani Turancin littafi. Abin da ya sa na zaɓi aikin gona ke nan, kuma kin san abin da ya faɗa mini ranar da na gaya masa.

Saboda haka ra'ayinki a kan waƙoƙin ya yi mini daidai. Ki rubuta wa malamarku haka.

Zancen zuwa, yanzu ake tsinkar ganyen shayi, ba a ba da hutu. Ki nemi wani namiji a unguwa ya riƙa zuwa yana ɗaga shi, ni zan ji da sauran. Ba na jin ganina zai ƙara masa lafiya.

Yayanki,
Zulkiflu

*

Tudun Wada
11 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu, na ajiye, na je na yi wanki.

Ban san zancen rula ba. Ba zan ce maka ƙarya kake yi ba, don na san Baba. Ni ma bai taɓa ce mini sannu da ƙoƙari ba, iyaka ya karɓi sakamakona ya gyara wa malamin rubutunsa. Amma mutumin da ya doke ka ba ya gidan nan yanzu. Wanda yake nan, jiya na aske masa gemu yana kallon silin saboda kunya.

Na samo mutum kamar yadda ka ce, wani daga Kwangila. Ya zo sau uku. Baba ya ƙi yarda ya taɓa shi, ya riƙe ƙarfen gado da hannun hagu har sai da mutumin ya tafi. Bayana yanzu in na sunkuya sai na dafa bango kafin in miƙe. Ruwan shekaranjiya ya shigo ta tagar ɗakinsa, ni kaɗai na ja gadon.

Na rubuta wa Malama Felicia abin da ka ce. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta kira ni ofis ta ce, "Bahijja, wannan gaskiya ce, amma rabi ce. Waye ba shi da lafiya a gidanku?" Ban san ta yaya ta gane ba. Na zauna ina kuka a gaban matar mutane. Ta ce ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta a Wusasa, ta ba ni lokaci in sake.

To na sake komawa kan waƙoƙin, tunda kullum da yamma sai na karanta wa Baba, shi ne kaɗai lokacin da yake cin tuwo ba gardama. Har yanzu furanninsu ba su dame ni ba, kuma ban san dusar ƙanƙara ba balle in yi kewarta. Amma na lura da wani abu. In na daina neman ma'ana na saurari tafiyar kawai, suna da taku, kamar mai daka da ya gaji amma bai ajiye taɓarya ba. Na fara zargin mutanen nan ma a gajiye suke, fure dai suka samu suka fake da shi. Akwai wanda ɗansa ya mutu, ya yi baiti shida yana zancen bishiya kafin ya iya ambaton yaron. Wannan na gane shi. Ni ma in an tambaye ni jikin Baba sai in fara da zancen taga.

Ta mai kwalekwalen tana nan. Jiya da ya kakare ya juya yana kallon ƙofa, ba ni yake kallo ba. Ba zan ce kai yake nema ba, don ban sani ba, kuma ba na son in yi maka dabara.

Na karɓo takardar ɗage karatu. Ban cike ba tukuna. Ban roƙe ka ka yafe masa ba, Yaya. Na ce ne ka zo ka ɗaga shi.

Bahijja

*

Gembu
26 ga Yuli

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Ina fata bayan naki ya yi sauƙi.

Kada ki cike takardar nan. Na yi magana da manaja, ya ba ni hutun da na tara. Zan taso ranar Asabar in Allah Ya so, in hanya ta yi kyau in kwana Jalingo.

Ki sani tun yanzu, ɗagawa da wanka na zo yi. Kada ki miƙo mini littafi, kada kuma ki sa Gwaggo ta yi mini wa'azi.

Laifinki ne, tun da takardarki ta farko ta zo waƙar nan take bina. Da safe in na shiga gona, gajimare yana kwance a kan ganye, ba ka ganin na gabanka, sai in ji ƙafata tana tafiya a kan takunta. Haushi take ba ni.

Ki shirya kayanki. Allah Ya kaimu.

Zulkiflu

*

Tudun Wada
20 ga Agusta

Bahijja,

Assalamu alaikum. Ya ƙauye, ya ɗalibai? Ga garin kunu da yaji Gwaggo ta ce a kawo miki, sai na haɗa da wannan.

Ban san haka aikin yake ba. Mako biyu kawai, amma in na kwanta kamar an yi mini duka. Yadda kika yi watannin nan ke kaɗai, ga karatu, ban sani ba. Na gyara tagar.

Kin ga yadda ya karɓe ni ranar da na iso, "to" ɗin nan da kau da kai. Haka muka ci gaba. Ina ɗaga shi, ina yi masa wanka, ba mai kallon idon wani. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ne ya fi damuna. Da kika tafi ya rage cin abinci, tunda ba mai karanta masa. Na yi kamar ban gane ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ina yanke masa farce, hannun daman nan yana cikin nawa, sai ya ɗauko waƙar. Na ci gaba da abin da nake yi. Ya bi ta tiryan-tiryan har wurin, ya tsaya. Ya koma farko. Da ya zo wurin karo na biyu sai ya zuba mini ido, irin kallon aji. Na ji kamar na koma ɗan yaro. Na ce a raina bari in ba shi layin ya huta, ni ma in huta. Na buɗe baki.

Bahijja, babu komai. Ni ma a nan nake tsayawa. Duk shekarun nan ina ɗauka na san ta har ƙarshe, ashe ban taɓa wuce wurin ba, a nan rular take sauka in koma farko. Na ce masa, "Baba, wallahi ni ma ban sani ba."

Ya dube ni. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, na tsorata na ɗauka ciwon ne ya dawo. Dariya yake yi, da rabin baki, hawaye yana bin kunnensa. Ni ma ban san lokacin da na fara ba. Gwaggo ta leƙo ta ce lafiya, muka kasa ba ta amsa. Ranar ya cinye tuwonsa.

Ban ce komai ya wuce ba. Akwai abin da nake so in tambaye shi, kuma amsar da zan samu ita ce "to". Amma yanzu da yamma mukan yi ta tare, mu zo wurin mu tsaya, ya ɗaga mini gira.

Na rubuta miki farkonta a bayan takardar nan yadda nake tunawa. Na san waya za ta iya nemo sauran. Na ɗauko wayar, na ajiye.

Gwaggo tana gaishe ki.

Yayanki,
Zulkiflu

*

Soba
2 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, a yi wa Gwaggo godiya. Ina lafiya, sai dai murya ta dishe. Ajina ya cika har taga, rabinsu a ƙasa suke zaune. Barci nake yi a nan kamar wadda aka yi wa allura, har kunya nake ji.

Na karanta takardarka a bayan aji, yara suna ta tambayata ko rasuwa aka yi.

Malama Felicia ta zo duba mu ranar Litinin. Ta dawo mini da aikina na biyu, ta ce ya fi na farko, amma har yanzu ina yi wa matattu faɗa. Na nuna mata abin da ka rubuta. Ta gane waƙar nan take, ta ce su ma sun haddace ta suna yara. Jiya ta aiko mini da ita cikakkiya.

Ɗan kaɗan ne ya rage daga inda kuke tsayawa. Na karanta. Ba zan gaya maka ko wanda ake jira ya zo ba.

Zan shigo gida ƙarshen mako. Ina tsoron in kawo ta in ɓata muku abin da kuka samu. In ka ce in bar ta a nan, zan bari.

A gaishe da Baba.

Ƙanwarka,
Bahijja

*

Tudun Wada
4 ga Satumba

Bahijja,

Wa alaikumus salam. Baba ya kwana lafiya.

Na tambaye shi. Kin san abin da ya ce.

Ki taho da ita. Amma ni za ki ba, ni zan karanta masa.

Allah Ya kawo ki lafiya.

Zulkiflu