Gorar Rudun Baba

Aliero,
19 ga Agusta, 2007.

Zuwa ga ƙanena Zaharaddeen,

Sallama irin ta Musulunci, tare da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Salima da 'yar jaririyarku Aminatu. Allah ya raya ta, ya kuma ƙara maka buɗi a aikinka na Legas. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai. Ƙafar Inno ta yi sauƙi, har tana zuwa masallacin Juma'a da kanta. Na baro ɗakina a Jega tun makon jiya don in ɗan zauna da ita, kuma a nan ne ambulan ɗinka ya same ni ta hannun direban motar albasa.

Na ga hotunan da ka buga, na kuma karanta bayaninka shafi huɗu. Ka ce rundunonin Makidoniya da kuke ginawa a wasan yaƙin nan na kwamfuta sun kammala, kuma abokanka na intanet sun yarda babu wanda ya kai ka bin tarihi. Ka ce sojan Sarki Filibus da ɗansa Iskandar mashinsa kamu goma sha biyu ne, sai sarakunan da suka gaje su suka ƙara masa tsawo, suka kuma shigo da giwaye. Ka ce sahu goma sha shida suke tsayawa, garkuwa rataye a wuya domin hannu biyu na kan mashi. Madalla da wannan ilmi. A shafi huɗun nan ban ga inda ka tambayi yayanmu Maiwada ko gona ba, ko da layi ɗaya. Inno ta hana a gaya maka abin da ya faru, wai kada hankalinka ya tashi a wurin aiki. Ni kuwa na gaji da rufe baki, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka tuna zuwanka ƙarshen Afrilu, ranar da Maiwada ya tafi kasuwar Maiyama? Ka tara ma'aikatan gona a bayan gida, ka rataya musu faifai a wuya, ka jera su kana ɗaukar hoto, wai kana son ka ga ko sahu na biyar bakin mashinsa zai wuce na gaba. Gorar da ka ba su a matsayin mashi, daga kan ƙaramin rudun ajiyar albasa ka zaro ta, wanda ke can gefe shi kaɗai. Ko ɗan yaye a garin nan ya san rudun da aka ware gefe na albasar iri ne, ba a taɓa shi. Gorar nan ita ke danne jinkar, ana ɗaure bakinta biyu a jikin dirka. Da aronta kawai ka yi ka mayar, da ban ɗauki alƙalami ba. Amma da ka auna ka ga ta fi kamu goma sha biyu, sai ka sa zarto ka rage ko wacce, don kada mashin Iskandar ya yi ƙarya. Ka mayar da su sama ka jera tsaf, ka lulluɓe da ciyawa, ba ka gaya wa kowa ba. Gefe ɗaya ya kai dirka, ɗayan yana lilo.

Kwana tara da tafiyarka, lokacin ni ma na zo gida, hadarin farko ya taso da iska, muna Kimba wurin suna gaba ɗayanmu. Duk rudunan gidan suka tsaya, wannan kaɗai iska ta kware. Ruwa ya yi yini yana zuba a kan albasar. Maiwada ya baza ta a rana, ya juya, ya tsince, amma albasar da ta sha ruwa a ajiya ka san ba ta jin magani. Cikin mako biyu wari ya hana mu zama a tsakar gida. Da idona na ga Maiwada, mai 'ya'ya shida, tsugune cikin ruɓaɓɓiyar albasa yana matsa su ɗaya bayan ɗaya ko zai sami mai tauri. Bai sami ko cikin ƙwarya ba.

Kada ka ce za ka aiko a sayi wani iri, domin ba a sayar da wannan a kasuwa. Shekara talatin marigayi Baba yana zaɓen ta da hannunsa, duk kaka ya ware masu siririn wuya da jan ɓawo, har ta zama albasar da ke kai wata shida a rudu ba ta tsira ba. Da ita aka san gidanmu, da ita aka kai ka makarantar da ka koyi auna mashin mutanen da suka mutu shekara dubu biyu. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, Zaharaddeen. Ka ji tsoron yi wa matattun Girka ƙaryar kamu biyu, ba ka ji tsoron ɓoye wa ɗan uwanka abin da ka yanke ba.

Saura hanya ɗaya. Kawu Gado na Liba yana da ragowar irin, wanda Baba ya ba shi shekarar da ya rasu. Na je na same shi. Ya ce buhu biyu gare shi, zai iya raba ɗaya, amma ba zai ba Maiwada ba, ba zai ba ni ba. Ya ce hannun da ya yi ɓarna shi zai zo ya karɓa, ya ɗauko a kansa, ya kuma tsaya a dasa da shi a fadama har a gama. Na roƙe shi, ya ce ya gama magana. Mako guda bayan ƙaramar Sallah zai dasa nasa, in ba ka zo ba duka biyun zai binne a gonarsa, irin Baba kuma ya bar gidan Baba ke nan. Na san ɗaukar hutu da wuya, na kuma san za ka ji kunyar fitowa daga Liba da buhu a ka. Ka ji ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, shi ya sa na rubuto maimakon in yi shiru kamar sauran.

Ka gaishe da Salima, ka ce mata turarenta ya iso, na gode. Ka shafa mini kan Aminatu. Inno tana gaishe ku, tana sa maka albarka kamar kullum, kuma ba ta san na rubuta wannan ba. Gudiya matar Maiwada ta ce a gaishe da amaryarta Salima da jaririya. Na tambayi Maiwada ko yana da saƙo, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Bai ce a gaishe ka ba, ni kuma ba zan rubuta abin da bai faɗa ba.

Yayarka,
Raihanatu.